Barsu, Karen da Aka Bar Mana Amana

Shekarar 2021 ba ta zo wa ƙasar Mafara da daɗi ba. Ranar 26 ga Fabrairu aka kwashe 'yan mata 279 daga makarantar kwana ta Jangebe, nan cikin ƙaramar hukumarmu. Cikin Agusta aka faɗa wa kwalejin aikin gona da kiwon dabbobi ta Bakura. Ranar 1 ga Satumba kuma aka ɗebe ɗalibai sama da 70 a makarantar jeka-ka-dawo ta Kaya, a ƙasar Maradun. A tsakanin waɗannan kwanaki gwamnatin Bello Matawalle ta rufe makarantu, ta dakatar da kasuwannin mako-mako, ta taƙaita hawan babur da dare, sannan aka katse layukan waya a faɗin jihar. Talata ta riƙa zuwa tana wucewa ba a ci kasuwa ba. Ni malamin makaranta ne, sai na wayi gari ba aji, ba waya, ba wurin zuwa in ba masallaci da gona ba.

Gidanmu dama ba na hayaniya ba ne. Manyan yara sun tafi karatu, saura ni da maiɗakina da autarmu da Inna, mahaifiyata. A bakin gari muke, kuma ta baya muna da garka mai katanga, da rumbu biyu, da turken tumaki, da 'yan itatuwan zogale da wani tsohon dogonyaro.

Cikin wannan hali wata 'yar'uwar maiɗakina ta iso mana da yara uku da ƙullin kaya da tukunya ɗaya. Daga wani ƙauye take, can gaba da Maradun ta wajen dajin Sububu. Ba zan faɗi sunan ƙauyen ba. Mijinta yana cikin waɗanda aka yi wa sutura kafin su taso, don haka takabarta a kan hanya ta soma ta. Muna ta gaisuwa a zaure sai auta ta taɓa ni, ta nuna min bakin lungu. Wani kare ne tsaye, ramamme, launin ƙasa, dogayen ƙafafu, irin karnukan mafarauta. Bai matso ba, bai kuma tafi ba. Da wani yaron unguwa ya sunkuya zai ɗauki dutse, kafin hannunsa ya kai ƙasa karen ya ɓace.

Da dare, bayan yara sun yi barci, matar ta ba mu labari da muryar da ba ta hawa ba ta sauka.

"Bisa babura sunka zo, tsakad dare. Karnukan gari sunka ɗau haushi, su anka fara halbi. Wanga shi ɗai yat tsira, don ya shige ƙalƙashin ruhewa. Tun ran nan ban ƙara jin bakinai ba."

Ta ce ba su kira shi ba da za su taso. Sai da suka yi nisa babban yaron ya waiwaya ya gan shi yana biye da su daga nesa. In sun tsaya ya tsaya, in sun tashi ya tashi. Sunansa Barsu. Marigayin ne ya raɗa masa, irin sunan nan na habaici da mutanen karkara kan sa wa kare don maƙwabci ya ji.

Ba su daɗe a wurinmu ba, domin tana da yaya a Sakkwato da ya aiko a kawo ta. A tasha direba ya ce ko kuɗin kujera biyu za a biya ba ya ɗaukar kare, kuma ban ga laifinsa ba. Ko da ya yarda ma, wa zai kama shi? Tun daren farko karen ya sami wata kafa a gindin katangar garka ya shige ƙarƙashin rumbu, ya mai da wurin mazauninsa. Da safen da za su tafi ta tsuguna a gabana, kanta a ƙasa.

"Malam, ga amana. Shi ɗai yar rage cikin abin da marigayi yab bari."

Wanda ya rasa shanu da rumbu da miji, ya zo ya ce maka ga abin da ya rage, da wane baki za ka ce a'a? Na karɓa kafin in tuna cewa ba ni kaɗai ke da gidan ba.

Inna ta ji labari ta ajiye tasbaharta. "Kare, cikin gidan salla? Ba da ni ba." Ba ta ɗaga murya ba, amma duk wanda ya tashi a hannunta ya san wannan maganar ta fi tsawa nauyi. Kuma ba ita kaɗai ke da wannan ra'ayi ba. Bahaushe ya san amfanin kare a daji da ruga da gona, amma a cikin gari sunansa zagi ne.

Na kai maganar wurin limaminmu, wanda ke karantar da Risala tsakanin magariba da isha'i. Ya saurare ni har na gama, sannan ya tambaye ni ko akwai dabbobi a garkar. Na ce akwai tumaki, akwai hatsi a rumbu. Ya ce to magana ta zo da sauƙi. Hadisin da ya yi gargaɗi kan raguwar ladan mai ajiye kare ya keɓe na farauta da na kiwo da na gona. A mazhabar Malikiyya kuma jikin kare mai rai ba najasa ba ne, wanke ƙwarya sau bakwai in ya sa baki a ciki bin umarni ne ake yi. Har ya ba ni labarin da masu sharhin Risala kan kawo, cewa shi kansa mai littafin, Ibn Abi Zaid na Ƙairawan, ya taɓa ajiye kare a lokacin da katangarsa ta faɗi yana tsoron maƙiya, da aka yi masa magana ya nuna cewa da Imamu Malik ya riski irin zamanin, abin da zai ajiye ya fi kare. Liman ya yi murmushi ya ce, "Mu kam ba sai an ba mu labarin irin wannan zamani ba." Sharaɗinsa biyu ne. Karen ya zauna a garka, ban da ɗakuna da wurin salla. Sannan tunda na karɓa, cinsa da shansa sun hau wuyana, kuma za a tambaye ni.

Na dawo na faɗa wa Inna. Ta ce ta ji, amma kada ya kuskura ya taɓa mata buta.

Makonnin farko ba mu da kare, sai dai idanu biyu a ƙarƙashin rumbu. In ka sunkuya ka leƙa, za ka gan shi ya manne da can ƙuryar, wutsiya a matse har ciki, haƙarƙari a fili ana iya ƙirgawa. Ƙudaje sun cinye gefen kunnuwansa sun bar gyambo. In idonka ya haɗu da nasa sai ya kau da kai, ya lashi hanci, ya yi hamma. Mai gani zai ce barci yake ji, alhali kuwa tsoro ne ke sa kare yin haka. Na samo wani tsohon kasko na riƙa zuba masa ragowar tuwon dawa da jiƙaƙƙen ƙanzo. Da rana ko kallonsa ba ya yi, tururuwa ce ke shagali. Da asuba sai in tarar an lashe kaskon tas.

Masu ba da shawara ba su yi ƙaranci ba, tunda kowa zaune yake ba aikin yi. Wani ya ce a zarga masa sarƙa a ɗaure shi a rana, a yi masa horon yunwa, sai ya yi zafi. Wani ya ce a haɗa yara su zaƙulo shi da sanda, in ya saba da hannu shi ke nan. Maƙwabcina na dama, mutum mai barkwanci, ya leƙo ta kan katanga ya ce, "Malam, kare ba haushi ai tunkiya ka ƙara a turke." Duk waɗannan mutanen kirki ne, sai dai sun ɗauka duk dabbar da ta ƙi zuwa taurin kai ne ya hana ta. Ba su lura da cewa wannan ba kwikwiyo ba ne da za a koya wa duniya. Babban kare ne, ya riga ya koyi nasa karatun, kuma abin da ya haddace shi ne duk wanda ya buɗe baki ya mutu.

Wadda ta san abin yi ita ce wadda ta ce ba da ita ba. Shekara da shekaru Inna tana da al'adar ɗaukar kujerarta 'yar tsugunno bayan la'asar, ta je inuwar dogonyaron nan ta zauna tana ɓarar gyaɗa ko tsinkar zogale. Ta ce ba za ta bar wa kare wurin zamanta ba. Sai ta ci gaba da zuwa, tana zama ta ba rumbun baya, tana aikinta tana 'yan maganganunta ita kaɗai. Ba ta kiransa, ba ta leƙa shi. Da ta ga yadda ake kai masa abinci yau da hantsi gobe da azahar, duk sa'ad da wani ya tuna, sai ta karɓe aikin ba tare da ta ce ta karɓa ba. Sau biyu a yini, bayan asuba da gabanin magariba, a wuri ɗaya, da ruwa mai kyau a wani tsohon kwano da ta ware masa. Ta kafa wa auta doka: ba gudu a garka, ba miƙa masa hannu, ba zuwa kusa in yana ci ko yana barci. Mu manya kuma ta ce mana:

"Ku bash shi. Wanda yag ga abin da yag gani ba a tarbonai da hannu. Shina zuwa da kainai."

Ana cikin girbin gero na ga abin da idona. Na shigo garka zan ɗebi harawa, sai na hangi kansa ya fito daga ƙarƙashin rumbu, rana ba ta faɗi ba. Na tsaya cik. Ya miƙo wuya, ya ja ƙirjinsa a ƙasa, ƙafafun baya kuwa ya bar su can ciki don ko ta kwana. Hancinsa na rawa, kunne ɗaya a wajen Inna, ɗaya a wajen ƙofa. Gyaɗa na ƙara ƙas, ƙas a hannunta, ba ta sauya saurin ɓarar ba ko kaɗan. Ya kai bakinsa kaskon, ya fizgi lomar tuwo, ya koma da baya. Can ya sake fitowa. A karo na gaba bai koma ba, ya tsaya yana ci yana ɗaga kai. Inna ba ta juya ba, amma ta san ina tsaye, ta ce ƙasa-ƙasa, "Kak ka dube shi." Na mai da idona kan harawa har ya gama.

Daga ranar abin ya riƙa tafiya, amma ba a miƙe ba. Yau ya fito ya kwanta a rana, gobe wani ya buga ƙyauren langa-langa da ƙarfi, a koma gidan jiya. Abin da ya fi firgita shi babur ne. In guda ɗaya ne ya wuce, kunne kawai yake ɗagawa. In suka haɗu uku ko huɗu suna tafe tare, sai jikinsa ya ɗauki ɓari, wani lokaci har fitsari ya kubce masa kafin ya kai rumbu. Dokar hana hawan babur da dare, wadda ta takura wa mutane da yawa, shi kam ta yi masa rana, domin ita ta ba shi dararen da ya samu ya runtsa. Ni ma na koma kashe nawa tun daga bakin lungu in turo shi har gida. Lokacin an takura sayar da fetur, sai 'yan unguwa suka ɗauka mai ne ya ƙare min, har ana yi min jaje. Na bar su a haka, don ya fi sauƙin bayani.

Akwai abin da ya fi damuna fiye da rashin haushinsa. Kare ne da ya fito daga daji, ba a san da me ya haɗu a hanya ba, ga yarinya a gida. Ina da wani tsohon ɗalibina da ya yi karatu a kwalejin nan ta Bakura, yana aikin lafiyar dabbobi. Ba waya, sai na rubuta 'yar takarda na ba direba, yadda iyayenmu ke yi. A lokacin mai son kiran waya sai ya yi tattaki har birnin Sakkwato. Ya zo, ya tsuguna daga nesa ya daɗe yana kallon karen, ya yi tambayoyi: yana ci, yana shan ruwa, yana dalalar da yawu, yana cizon itace ko ƙasa? Na ce ci da sha lafiya lau, sauran babu. Ya ce alama ce mai kyau, amma ba ta ɗauke allura.

A bakinsa na ji abin da ya kamata a ce kowane uba ya sani. Ciwon haukan kare ƙwayar cuta ce da ke cikin yawu, tana shiga ta wurin cizo ta bi jijiya har ƙwaƙwalwa. Takan ɗauki wata ɗaya zuwa uku ba a ga komai ba, amma da zarar alamu sun bayyana a jikin mutum, da wuya ƙwarai ya tashi. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ƙiyasta mutum kusan 59,000 ke mutuwa da shi duk shekara, galibi a Afirka da Asiya, kuma yara ne kaso mai yawa. Wanda kare ya ciza, abin farko shi ne a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu na minti 15, sannan a garzaya asibiti a soma allura a ranar. Ɗora gashin karen a kan ciwon, da wasu ke yi, ɓata lokaci ne. Allurar rigakafin karnuka kuwa a ƙasar nan ma ana yin ta, a cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom a jihar Filato, wadda ke nan tun 1924. Matsalarta ɗaya, sai an riƙe ta da sanyi tun daga inda ta fito har ta shiga jikin dabba, ga shi mu wutar lantarki baƙuwa ce.

Ya ce ba zai yi allurar ba sai karen ya yarda a taɓa shi, don in aka yi masa taron dangi an rusa duk abin da Inna ta gina. Sai na shiga koyon zama irin nata. Nakan zauna a ƙasa, gefena a wajensa, hannuna a kan gwiwa da ɗan busasshen kifi na masuntan dam ɗin Bakolori. Ranar da ya karɓa daga hannuna, numfashinsa mai ɗumi na fara ji, sannan ya ɗauke kifin da gefen baki ba tare da haƙori ya taɓa ni ba. Hannu ta saman kai ba ya yarda da shi har yau, sai ta ƙarƙashin haɓa ko ƙirji.

Da ɗalibin nawa ya dawo da allurar cikin kula mai ƙanƙara, ya naɗe masa baki da tsumma mai laushi, ni kuma na riƙe ƙirjinsa ina jin zuciyarsa na dukan tafina. Ya ɗaga fatar wuya ya soka. Ko uffan karen bai yi ba. Ya cire masa kaska a cikin kunne da tsakanin yatsu, manya-manya sun sha jini sun yi tim, ya ba da maganin tsutsar ciki da man shafawa na kunnuwa. Ya hana mu shafa masa baƙin man inji da ake yi wa dabbobi a ƙauye, ya kuma ce a daina zuba masa miyar da ta sha albasa, domin albasa tana lalata jinin kare. Wannan ya ba maiɗakina aiki, don a ƙasar da ake noman albasa ba a san miya ba ita ba. Bayan allurar Barsu ya koma ƙarƙashin rumbu ya yi fushi da kowa, Inna kuma ta yi fushi da mai allurar, ta amsa sallamarsa a daƙile.

Da aka buɗe kasuwanni sai ga wani mutum da kejin ƙarfe a bayan keke, wai an ce masa akwai kare a gidana da ba shi da amfani. Irin masu bin ƙauyuka ne suna sayen karnuka, a tara a loda zuwa kasuwar Dawaki a jihar Filato. Sana'arsa ce, ban ce masa komai a kanta ba. Na dai gaya masa ba nawa ba ne balle in sayar. Na san wanda ya turo shi, kuma har yau muna gaisawa.

Wajen ƙarshen shekara waya ta dawo. Babban ɗana, da ya ji labarin, ya ce ai a Landan akwai gida na musamman da aka kafa tun 1860 don karɓar karnukan da ba su da kowa, ana ba da su ga masu so. Ya karanto mana irin shawarar da masu wannan aiki ke bayarwa kan kare mai tsoro: a ba shi lungun da ba mai damunsa, abinci a kan lokaci, kada a zura masa ido, a bari shi ya kawo kansa. Inna ta saurara har ƙarshe ta ce, "To, ashe suna da hankali." Ni dai ba zan roƙi a gina wa karnuka gida a Zamfara ba, a inda na ga mata da yara suna kwana a kangaye da azuzuwan firamare. Sai dai waɗannan karnuka da muke gani suna yawo a bakin gari, da yawansu ba na banza ba ne. Suna da gida da suna, gudun hijira ne ya fito da su kamar yadda ya fito da masu su.

Da rani ya kama na soma fita da shi gonata ta noman rani a Bakolori. Ban sa masa igiya ba. Yakan biyo ni a baya, tazarar nan tasa da ya saba, muna bin bakin kanal, in ya ji babur ya faɗa cikin shuka ya lafe har ya wuce. A can na fara ganin ainihin karen da marigayin ya sani. Wata safiya zomo ya tashi daga kunyar dankali, sai na ga abu ya wuce ni kamar an harba kibiya. Bai kamo ba, amma ya dawo harshe waje, wutsiya a sama, abin da ban taɓa gani ba.

Da na ba Inna labari da dare, sai ta ɗauko wani zance da ba ta cika yi ba. Mu asalinmu ba 'yan cikin gari ba ne. Lokacin da kamfanin Impresit na Italiya ya gina dam ɗin Bakolori a kan gulbin Sakkwato, tsakanin 1974 da 1978, ruwa ya ci ƙauyuka da fadamu, aka tashi dubban mutane, mu ma muna ciki, ina ƙarami. Rigimar diyya da rabon gonaki ce ta kai ga abin da ya faru a Afrilun 1980, zamanin Shagari, da 'yan sandan kwantar da tarzoma suka buɗe wa manoma wuta a Birnin Tudu da kewaye, har yau ba a daidaita kan yawan waɗanda suka mutu ba. Inna ta ce da aka kwashe su zuwa sabon matsuguni, karnukan garin sun ƙi zama. Kullum sai su koma kufai su kwanta a inda ƙofofin gidaje suke, har ruwa ya zo ya rufe wurin. Iyakar abin da ta faɗa ke nan, ta ce a miƙo mata goro.

Ana shirin daminar 2023 babban yaron matar nan ya zo. Ya yi tsawo, murya ta buɗe. Zai wuce ƙauyensu ne ya ga ko za a iya shuka, don an ce wasu sun koma, suna biyan 'yan bindiga kuɗi kafin a bar su su yi noma, su sake biya kafin girbi. Na kai shi garka. Barsu yana kwance cikin tumaki, ya ɗaga kai, ya sandare. Yaron bai kira shi ba, ya dai tsuguna. Karen ya taso yana jan ciki, yana tafe yana tsayawa, har ya iso ya shinshini ƙafarsa. Sai wani siririn kuka ya fito daga maƙogwaronsa, ya cusa kai tsakanin gwiwoyin yaron, duk jikinsa na kaɗawa. Wannan ce muryarsa ta farko da na ji. Na ja musu ƙyaure na fita.

Amana dai sai an mayar, kuma na shirya wa hakan ko da raina bai so ba. Bayan an ci abinci na ce wa yaron ga karensu nan, in zai tafi da shi. Ya daɗe yana wasa da bakin tabarma.

"Baba, innata ta ce a bar muku shi. Can ko mu ba mu san inda muka kwana ba. In na kai shi, kashe shi za a yi."

Inna ta sa aka kira maƙwabcin nan mai barkwanci, ta ce yaron ya maimaita a gabansa cewa kyauta ce, don kada gobe a ce an ci amanar marayu. Ba a yi zancen kuɗi ba, tunda malamai da yawa sun hana cin kuɗin kare. Washegari dai ta auna masa irin gero da na wake daga rumbunta, ta ce wannan na shuka ne, ba ruwansa da wancan. Bayan tafiyarsa karen ya koma kwanciya a bakin ƙofar garka, yana barin rabin abincinsa, har aka yi ruwan shuka sannan ya ware.

Masu tambayata ko ya warke, nakan ce musu ya dai samu sauƙi. Ya yi ƙiba, kunnuwa sun warke sun bar tabo, gemunsa ya soma fari. Yakan yi haushi jefi-jefi, sau ɗaya ko biyu, gajere, ya yi shiru. In ya ji abin da bai yarda da shi ba cikin dare, gurnani yake yi ya zo ya karci ƙyaure har sai na fito da tocila. Wani lokaci in tarar da muzuru ne ke zagayar kaji, wani lokaci ba komai. Baƙo ba ya taɓa shi. Ayarin babura har gobe yana kai shi ƙarƙashin rumbu. Wanda ke neman karen da zai tashi unguwa da haushi, ba irin wannan zai ɗauka ba, kuma wanda gidansa ke cike da yara da baƙi da kiɗa gara ya bar wa wani. Inna har yau ba ta taɓa kiran sunansa ba, "talikin nan" take cewa, kuma har yau ita ke zuba masa abinci.

Iyaye, ku hana 'ya'yanku jifan karnukan da ke raɓe a bakin gari. Karen da aka ritsa shi ne ke cizo, kuma yaron da ya ɗauki dutsen shi ke kwana a asibiti. In kun ga mai dalalar da yawu, ko mai cizon duk abin da ya tarar, ku nisance shi ku sanar da ma'aikatan lafiyar dabbobi. Hukumomin da abin ya shafa kuma, ranar 28 ga Satumba ta kowace shekara ita ce ranar yaƙi da ciwon haukan kare ta duniya. Kada a tsaya ga jawabi a Gusau. A ɗauko allurar cikin ƙanƙara a kawo ta Mafara da Bakura da Maradun ranar kasuwa, a sa sanƙira ya faɗa, za a ga masu kawo karnuka.